Tubalin da Ba A Kawo Ba

A gidan Dokta babu wanda ya taɓa hana tsohon abinci. Gara a faɗi wannan tun farko, domin mutanen gidan suna yawan faɗarsa, kuma gaskiyarsu ce. Sau uku a yini ake kai masa faranti ɗakin baya, wanda ke maƙale tsakanin ɗakin karatun ɗansa da rumfar janareta. Da safe burodi da shayi ba madara. Da rana farar shinkafa da ɗan man da aka ɗiga mata don kada a ce ba a ɗiga ba. Da yamma taliya, ko shinkafar rana idan ta yi saura. Farantin kuwa na tangaran ne mai zanen furanni, har da murfinsa.

Dokar abincin ta samo asali ne daga wani likita da ya duba Baba shekarun baya, lokacin da babban yatsan ƙafarsa ya kumbura. Likitan ya ce a ɗan rage masa jan nama na wani lokaci. Yatsa ya sace, likitan ma an ce tuni ya bar aiki, amma maganarsa ta zauna a gidan ta hayayyafa. “A rage” ta zama “a daina”. Jan nama ya ja kaza, kaza ta ja ƙwai tunda daga cikinta ya fito, kifi kuma aka ce ai naman ruwa ne. Madara tana kawo majina. Wake ne ya fi daɗewa, har ranar da matar Dokta ta ce yana damun cikin Baba, abin da take nufi kuwa yana damun hancin mai wucewa ta ƙofar ɗakin.

Dokta ba likita ba ne. Malamin jami'a ne, digirinsa na uku a kan sinadaran da ke cikin jikin mai rai. Amma 'yan unguwa suna kawo masa takardunsu na asibiti ya karanta musu, shi kuma bai ga dalilin ɓata musu rai da dogon bayani ba. Saboda haka idan ya ce kaza ba ta dace da tsoho ba, magana ta ƙare. Wa zai ja da mutumin da ya san sunan abin da ke cikin kaza?

Baba magini ne, ko kuma a ce da can magini ne. Yanzu aikinsa zama a bakin gado, da sauraron wata 'yar rediyo da aka ɗaure bayanta da roba, da jiran faranti.

Wata safiya ya zame a banɗaki, gefen bokitin ƙarfe ya yanke shi a ƙauri. Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A zamanin da yake aiki ya sha samun wanda ya fi shi, ya ɗaure da tsumma ya koma kan tsani, kafin a yi nisa ya manta ƙafar da abin ya sama. Matar Dokta ta aiko masa da auduga da jan ruwan magani. Ya wanke, ya naɗe, ya jira. Mako ya zagayo, ya sake zagayowa, ciwon yana nan baki buɗe, gefensa fari-fari kamar kwaɓin da aka yi wa rowar siminti.

A wannan tsakanin ne wani gidan rediyo ya ba Dokta fili a kan abinci da lafiya. Ba ya zuwa can. A ɗakin karatunsa yake naɗar shirin da wayarsa ranar Asabar da hantsi, ya aika musu. Bangon da ya raba ɗakin karatun da ɗakin baya kuwa ba Baba ne ya gina shi ba, shi ya sa ake jin komai ta cikinsa.

Da farko tsohon bai damu da abin da ake faɗa ba, muryar yake saurare. Rabonsa da jin ɗan nasa ya yi magana mai tsawo haka, a hankali, da haƙuri, ya manta. An kashe janareta, an hana kowa motsi a gidan, sai muryar kawai.

“Masu sauraro,” in ji muryar, “yau za mu yi magana a kan amino asid. Kada sunan ya ba ku tsoro. Mahaifina magini ne, kuma a wurinsa na fara koyon wannan darasi, ba tare da ni ko shi mun sani ba.”

Baba ya gyara zama.

Muryar ta ce jikin mutum gini ne da ba a taɓa gama shi, kullum ana warware wani wuri ana sake wani. Tsoka da fata da gashi da jini duk suna bukatar furotin, shi kuma furotin jerin ƙananan tubala ne, su ne amino asid. Iri ashirin ake aikin da su. Sha ɗaya jiki yana buga abinsa da kansa a cikin gida. Tara kuwa ba ya iya bugawa ko me za a yi, sai an kawo masa daga waje, a faranti. Sai Dokta ya shiga kiran sunayensu kamar yana kiran ɗalibai a aji. Lusin mai riƙe tsoka. Laisin mai shiga aikin ɗinke fata. Histidin da ke taimakon jini, tiriftofan mai hannu a barci da kwanciyar rai, da sauran da Baba bai iya riƙewa ba. Ya ce akwai kuma waɗanda jiki ke bugawa su ishe shi a kwanakin lafiya, amma da ciwo ya zo sai su gaza, irin su arjinin, dole a ƙaro. Nama da ƙwai da kifi da madara suna ɗauke da duka taran. Shinkafa ita kaɗai tana da ƙarancin laisin, amma idan ta haɗu da wake sai wannan ya cike giɓin wancan.

“To idan ba a kawo ba fa? Jiki ba ya tsayar da aiki. Sai ya je ya rushe bangon da ba a cika kallo ba, ya kwashi tubalin ya gyara inda ya fi matsa masa. Ya ciro daga cinya, ya ciro daga damtse, ya kai wa zuciya da hanta. Mutum yana zaune, ana rushe masa ɗakin baya don a gyara falo.”

Dokta ya tsaya, ya ce wa kansa wannan jimlar ta yi daɗi, ya sake faɗinta don ta fi fita.

Baba ya naɗe hannun rigarsa ya dubi damtsensa. Fatar tana lilo kamar buhun simintin da aka zazzage. Ya shafa cinyarsa, yatsunsa suka tarar da ƙashi da wuri. Ya san wannan aikin sarai. Ya sha yin sa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi, kuma ya san yadda irin waɗannan gidajen suke ƙarewa.

Shirin ya fito, jama'a suka yaba. Wani maƙwabci ya leƙo ta taga ya ce ashe Baba ne malamin Dokta ba su sani ba, ya ji ana ambatonsa a rediyo. Baba ya yi murmushi ya ce ai yaron ne dai da son girmama mutum.

Abin da ya rage shi ne ya yi magana, kuma nan wahalar take. Uba ba ya roƙon ɗansa abinci. Bai taɓa jin an yi ba, bai kuma san da wace kalma ake farawa ba. Surukarsa kuwa takan tsaya daga bakin ƙofa ta gaishe shi da ladabin da babu inda za a kama shi da laifi, ta juya kafin ya gama amsawa. 'Yarsa da ke aure a wani gari mai nisa takan kira shi a waya ta tambayi lafiya, ya ce sai godiya, ana kula da shi ƙwarai. Ita ma abin da take so ta ji ke nan.

Sai ya fara ta wurin jikansa, tunda da jika ake faɗin gaskiya a ce wasa ne. Saurayi ne da kowa ke kira Ƙarfe, saboda tun da ya gama sakandare babu abin da yake ɗagawa a duniya sai ƙarafa a bayan gida, daidai tagar kakansa. Ƙarfe yana da kwanonsa na dafaffen ƙwai kowace safiya, da wata babbar baƙar roba cike da garin da uban ya sayo masa, wanda yake kaɗawa a ruwa ya sha yana kallon kansa a gilashin taga.

“Kai ragon maza,” in ji Baba, “mene ne wannan kake ɗurawa kullum kamar tanki?”

“Amino ne, tsoho. Ba na sa'anninka ba ne.” Ya lanƙwasa hannu, tsoka ta tashi. “Shi ke fito da wannan.”

“Ƙwan fa? Kajin garin nan duka kai suke yi wa aiki? Ba a rage wa mai kallo?”

“In ba ka ɗaya ka kife, wa za a kama? Ka riƙe shinkafarka, ai ta karɓe ka. Dubi har kumatu ka fara.”

Da wasa aka fara, da wasa aka tashi. Baba ya yi dariya don haka ake yi, ya bi ɓawon ƙwan da ido har inda ya faɗi.

Kumatun kuwa gaskiya ne. Ƙafafu ne suka fara, takalmi ya daina shiga. Idan ya danna yatsa a idon sawu sai ramin ya zauna yana kallonsa, kamar a ɗanyen kwaɓi. Daga nan abin ya hau fuska. Matar Dokta ta yi murna ƙwarai. Ya jiyo ta a falo tana gaya wa ƙawayenta cewa Baba har ƙiba ya yi, masu cewa tsoho ba ya murmurewa su zo su gani. Ta shigo, karo na farko har tsakiyar ɗakin, ta ɗauke shi hoto daga wuya zuwa sama, ta aika wa 'yar tasa. 'Yar ta kira ta yi godiya har da kuka.

Abin da hoton bai ɗauka ba shi ne gashin da ke zuba a kan matashi, da sanyin da yake ji rana tsaka, da barcin da ya daina zuwa. Ciwon ƙauri ya yi faɗi, ya fara ruwa, ya fara wari. Warin an yi maganinsa nan da nan. An sayo abin feshi mai ƙamshin lemo, aka kuma ce a riƙa rufe ƙofar saboda sauro.

Dokta yakan leƙo da safe kafin ya fita, makullin mota a hannu, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ran nan Baba ya ce ya ɗan zauna. Babu kujera a ɗakin, sai ya shigo da ɗaya ƙafar, wanda a wurinsa zama ne.

Tsohon ya faro ta nesa. Ya yaba shirin, ya ce bai san jiki ma yana da tubali ba sai yanzu. Dokta ya ji daɗi, ya ƙara masa bayanin da bai nema ba. Sannan Baba, idonsa a ƙasa, ya ce:

“Waɗannan taran da ka ce sai an kawo daga waje. Na ce ko a cikin shinkafar nan suna nan duka?”

Dokta ya yi murmushin da yake yi wa ɗalibin da ya karanta shafi ɗaya ya zo da gardama. Ya ce shirin rediyo na jama'a ne, ana magana ne a dunƙule, shi kuwa Baba lamarinsa daban ne. Furotin idan ya gama aikinsa yana barin datti, ƙoda ce ke fitar da shi, ƙodar tsoho kuwa ba a ɗora mata kaya. Ya sunkuya ya danna ƙafar, ya ga ramin, ya girgiza kai.

“Ka gani ko, Baba? Abin da nake gudu ke nan. Ƙoda ce. Da muna ba ka nama, da yanzu wani zancen ake yi.”

Babu wanda ya taɓa auna ƙodar. Dokta ya ce za a je asibiti da zarar an gama jarrabawa. Kumburi yana da dalilai da dama, kuma a aji Dokta yakan kawo su duka, har da ƙarancin furotin a jini, wanda yakan ce ɗalibai su ja masa layi don yana fitowa a jarrabawa. Amma a ɗakin baya sai ya zaɓi dalilin da ba ya bukatar a canza komai a kicin. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya riga ya yanke hukunci a gaban matarsa da ɗansa, kuma a wasu gidaje ya fi sauƙi uba ya kumbura da a ce Dokta ya yi kuskure.

Daga ranar aka cire gishiri, aka cire ɗan man.

Jarrabawa ta ƙare, aka shiga duba takardu. Duba takardu ya ƙare, aka shiga taro.

Wata safiya gidan ya yi tsit. Dokta ya fita, matarsa tana waya a falo, Ƙarfe yana wanka yana waƙa. Baba ya tashi. Ya dafa bango, ya bi shi a hankali, yana jan ƙafar, hannunsa yana jin inda aka yi ha'inci a filasta, har ya kai kicin. Kwanon yana kan tebur, ƙwai na shan iska. Ya daɗe yana tsaye. Shekarun da ya yi yana shiga gidajen mutane da aiki, ko ƙusa bai taɓa fita da ita a aljihu ba, kuma da wannan aka san shi fiye da iya gini. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya. Da ɗuminsa.

Da ya sa a aljihu ya koma, da ya tsira. Amma bai iya sata ba. Ya tsaya nan ya fara ɓarewa, ɓawon yana zuba a ƙasa.

“Baba, me kake nema? Ai da ka kira.”

Matar Dokta ce. Ta ga abin da ke hannunsa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba.

“Haba Baba. So kake ka ja mana abin faɗa? In wani abu ya same ka, ni za a ce.”

Ta ɗan rusuna, ta miƙa hannu biyu, kamar yadda ake karɓar kyauta daga babba. Ya ɗora mata ƙwan, rabinsa a ɓare, da shatin yatsansa a jiki. Ta ce a hankali zai koma, ƙasan da santsi.

Da yamma aka yi zaman shawara a falo, bangon ya kawo masa duka. Dokta ya ce abin ba na ɓacin rai ba ne, tsufa yana mai da mutum yaro, kwaɗayi yana cikin alamominsa, har ya faɗi sunan abin da Turanci. Matarsa ta ce ita tsoronta kada wata rana ya buɗe firiji. Aka amince a sa wa ƙofar kicin kwaɗo, don kare shi. Washegari Ƙarfe ya zo taga ya ce ina kwanan ɓarawon ƙwai. Ya jira a rama. Baba yana kallon bango. Saurayin ya tsaya ɗan lokaci, ya ja ƙarafansa zuwa ɗaya gefen gidan, wasa ya mutu daga nan.

Bayan wannan Baba ya daina cinye farantin. Ba fushi ba ne. Shinkafar ce ta daina wucewa, bakinsa ya yi gyambo daga ciki, harshen ya yi ja ya yi sulɓi. Yakan ci cokali kaɗan ya rufe. Mutanen gidan suka samu sabuwar magana, suka riƙe ta da kyau: Baba ba ya cin abinci, duk yadda aka yi da shi.

Wata Asabar Dokta ya naɗi shiri a kan abincin tsofaffi. Ya ce kuskure ne babba a riƙa ganin tsoho ya gama bukatar furotin, ai tsufa ma ƙara masa bukata yake yi, musamman idan yana da rauni. Ya ja kunnen masu sauraro su ji tsoron Allah a kan iyayensu. Ya yi maganar da zuciya ɗaya, har muryarsa ta ɗan karye. Rediyo dai ana kashe ta, kuma da shirin ya fito Baba ya kashe. Bango ne ba shi da makunni.

Ranar da aka gane ya kasa tashi, farantin safe ne ya tarar da na jiya, na rana ya tarar da su duka biyun. Jikinsa ya yi zafi, ƙafar ta yi baƙi har gwiwa. Sai ga mota, sai ga gaggawa, Dokta da kansa ya ɗauke shi, ya yi mamakin rashin nauyinsa, ya ce ruwa ne ya yi masa yawa amma ba shi da nauyi, abin nazari ne.

A asibiti aka ɗebi jini. Likitar mace ce, da alamar gajiya a idonta. Ta dawo da sakamako ta ce ƙodar lafiyarta ƙalau, ta fi ta wasu samari. Abin da ta gani shi ne furotin ɗin jininsa ya faɗi ƙasa warwas, shi ya kawo kumburin, shi ya hana ciwon rufewa har ƙwayoyin cuta suka shiga jini. Ta tambaya me yake ci a gida.

Dokta ya ce ai matsalar ke nan, ba ya ci. Ta san halin tsofaffi, sai abin da suka ga dama. Sau uku ake kai masa. Matarsa ta ce wallahi sau uku, ko rana ɗaya ba a taɓa fashi ba. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da suka faɗa.

Likitar ta dube su, ta matsa bakin gadon, ta sunkuya.

“Baba, kana ji na? Me ake ba ka a gida?”

Yana ji. Ya buɗe ido. Ya ga ɗansa a tsaye a ƙarshen gadon cikin farar riga mai guga, wasu ma'aikatan jinya biyu suna leƙensa daga ƙofa suna raɗa, sun gane muryar rediyo. Ya daɗe bai ga yaron yana tsoro ba, amma bai manta kamannin ba. Haka yake tsayawa yana ƙarami idan ya fasa abu, yana jiran a tambayi wa ya yi.

Amsar tana bakinsa, gajeriya ce: burodi, shinkafa, taliya. Ya san idan ya faɗa, matar nan za ta juya ta kalli ɗansa, waɗancan biyun ma za su ji, kuma kafin yamma asibitin duka ya ji. Ya duba ya ga ɗan abin da ya rage masa a ɗakin baya. Ya ciro.

“Komai ana ba ni, 'yata. Ni ne ba na ci.”

Likitar ta ɗan jima tana kallonsa, ta miƙe ta rubuta abin da za ta rubuta. Marasa lafiya da yawa suna jiranta.

Daga nan Dokta ya nuna shi ɗa ne. An rubuta ƙarin ruwa na musamman mai ɗauke da amino asid, ya ce a kawo mafi kyau, ya zagaya gari da kansa har ya samo. Da aka rataya ledar ya sa tabarau ya karanta jikinta a fili, suna bayan suna, ya juyo wurin abokan aikinsa da suka zo dubiya ya ce duka taran suna ciki, har da arjinin. Suka jinjina. Baba ya kalli ledar tana ɗiga.

“Su ne waɗannan?” ya tambaya da ƙyar.

“Su ne, Baba.”

“Ashe ba su da nauyi.”

Likitar ta ce a ba shi ƙwai, a ba shi kifi, a ba shi madara, duk abin da zai iya haɗiya. Matar Dokta ta ce ai tunda likita ta ce, shi ke nan, su dama bin doka suke yi. Washegari ta zo da farantin mai zanen furanni, ta buɗe murfin, dafaffen ƙwai biyu, ta ɓare da hannunta. Ta rusuna ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓi ɗaya. Da ɗuminsa. Ya kai baki, leɓɓansa suka taɓa, maƙogwaron ya ƙi. Ya riƙe shi a tafin hannu a kan ƙirjinsa har ya huce, ba wanda ya iya cewa ya kawo.

Bai kai ƙarshen makon ba. Tubalin ya iso, amma bangon da za a ɗora shi a kai ya riga ya kwanta.

Masu zuwa gaisuwa sun yi ta faɗin yadda Dokta ya riƙe mahaifinsa, a gidansa, a ɗaki nasa na kansa, har ruwan da ba kowa ke iya saya ba an sa masa. 'Yar ta zo ta rungume matar ƙaninta, ta nuna wa mutane hoton nan mai kumatu. Ƙarfe ya ɗauki makara da hannu ɗaya a wani wurin, mutane suka lura. An cire kwaɗon daga ƙofar kicin tunda ya gama aikinsa. Bayan an kwana biyu aka kira wani magini ya fasa bangon nan, aka haɗe ɗakin baya da ɗakin karatu, don littattafai sun yi yawa. Maginin ya ce bangon ko guduma bai bukata ba.

Shirin yana nan ana yi, har an ƙara masa lokaci. Jama'a sun nemi a maimaita na amino asid, Dokta ya sake naɗa a sabon ɗakin, inda murya ta fi fita. Kalma ɗaya kawai ya ƙara a farko: marigayi mahaifina magini ne. Sauran duk yana nan yadda yake, da sha ɗayan da jiki ke bugawa, da taran da sai an kawo masa daga waje. Bai taɓa faɗin wa zai kawo ba, kuma har yau babu mai sauraron da ya bugo waya ya tambaya.